Ƙofofin da Lenwood Ya Tsinto

Ranar da asibiti suka ce sun ga dalma a jinin Retta, ina shanya kaya a igiya sai na ji Corliss tana yi wa ubanta magana ƙasa-ƙasa ta tsallaken shinge. Abin da ya fara tayar mini da hankali ke nan, don Corliss direbar bas ce, kuma tun tana ƙarama ba ta iya magana a hankali ba. Na bar zanen gado yana ɗiga, na matso na kasa kunne. Ban ji kunya ba, shekarunmu da maƙwabtaka sun wuce wannan.

"Sun ɗibi jini a yatsa, sun ce abin ya yi yawa," in ji ta. "Sun sake ɗiba a jijiya, sai an kira ni."

"Dalma kuma? Daga ina?" in ji Lenwood.

"Shi za su zo dubawa, Baba. Gidana da gidanka."

Retta 'yar Corliss ce, jikar Lenwood Pettway guda ɗaya tal, a lokacin ba ta cika shekara uku ba. Tana zaune a kan matakala tana jan igiyar takalminta, ba ta san da ita ake ba.

Mu nan Detroit ba a tsayawa yi mana bayanin dalma. Tana cikin tsohon fentin gidajenmu, tana cikin tsofaffin bututun ruwa. In ta shiga jikin yaro ba zazzaɓi, ba ƙuraje, kai tsaye take wucewa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Kowa a unguwar nan ya san wani yaro. A cocinmu akwai wani saurayi da ya fi ni tsawo, har yau uwarsa ke ɗaura masa takalmi. Shi ya fara faɗo mini a rai.

Bari in gaya muku wane ne Lenwood. A Alabama aka haife shi, ya zo garin nan a cinyar uwarsa cikin jirgin ƙasa. Ƙuruciyarsa duka ya ƙarar da ita a masana'antar narka ƙarfe, ya fito da kunne ɗaya da ba ya ji sosai da hannaye kamar bawon itace. Matarsa Loretta ƙawata ce, sunanta aka sa wa yarinyar, mu muka taƙaita shi ya koma Retta. Tun da Loretta ta rasu bai sake neman aure ba, kuma ba don babu masu kai masa kwanon abinci a coci ba.

Lenwood ba ya yar da komai. Lanƙwasasshiyar ƙusa zai miƙe ta ya jefa a gwangwani. Robar madara zai yanke ta ya dasa tumatir. Ni nake kiransa Sarkin Bola, shi kuma ya ce, "Mis Verlene, ranar da ƙafar kujerarki ta karye kin san fadar da za ki kawo gaisuwa." Kuma na kai, ba sau ɗaya ba.

Layinmu da can gida ne manne da gida. Sai mutane suka yi ta tashi, wasu suka mutu, gidaje suka zama kango, hukumar gari ta fara turo motocin rusau. Duk safiyar da aka zo rushe wani gida, Lenwood zai riga motar isa, ya cire hula ya roƙi ma'aikatan su bar masa ƙofar gaba. Suna dariya suke ba shi. A haka ya tara ƙofofi a garejinsa, kuma kowace ya san ta da suna. Koriyar ta gidan su Hargrove ce. Rawayar ta Mama Odom ce, wadda ta yi wa rabin 'ya'yan layin nan wankan farko. Farar nan mai nauyi ta gidan uwarsa ce, fenti kan fenti, duk shekara kafin bikin Ista sai tsohuwar ta sa an sake shafa mata.

Na sha yi masa tsiya. "Ƙofa ba ɗaki, Lenwood, ina za ka shiga?"

Da ya yi ritaya sai ya samo musu aiki. Ya kafa turaku na tsohon shinge a ƙarshen lambunsa, ya jera ƙofofin a kwance bisa gefensu ya buga, ya fitar da ɗaki uku a jere, ya ce rumbun taki ne. Ko ƙusa ɗaya bai saya ba. Ɗakin farko na sabuwar shara ne: busasshen ganye, ɓawon dankali, ɓawon ƙwai, da tsakin kofi da yake kwasowa a kicin ɗin coci. In ta kwana biyu ya juye ta ɗaki na biyu da wani cokalin ƙarfe mai yatsu, ya yi ta juyawa. A ɗaki na uku take nuna, ta koma baƙar ƙasa mai laushi da ƙamshin ruwan sama na farko. Ƙofar Mama Odom ya bar mata ƙarafanta, tana buɗuwa tana rufuwa yadda take a da. Da sanyin safiya za ka ga tururi yana tashi daga ciki, shi kuma yana tsaye yana kallo kamar wanda matarsa ta haihu.

Gaskiya takin nan ya yi kyau. Kuɓewarsa ta fi ni tsawo. Kuma Lenwood ba marowaci ba ne, bokiti-bokiti yake rabawa a layi, har ni mai yi masa tsiya. Ganyen kolad ɗin nan mai kama da kabeji da na dafa da naman alade shekaru da dama, da takinsa ya girma.

Da Corliss ta koma aiki bayan haihuwa, wajensa take ajiye Retta kullum da safe. Yarinyar tana fara tafiya ta gano ɗaki na uku. Nan take wuni da tsohon cokalin miya tana tonon tana, in ta samu ɗaya ta ɗaga ta ce, "Kaka, ga ta." Shi yana gefe yana juya takinsa. Babu wanda ya ga aibun abin, har likitoci ma cewa suke a bar yara su yi wasa da ƙasa.

To, aka shiga jira. Ma'aikatan lafiya suka fara zuwa gidan Corliss, suka auna bango da taga da ruwan famfo, ba su ga komai ba, don sabon gini ne. Aka sa wa Lenwood rana. Shi kam bai damu da gidansa ba.

"Tagogina sababbi ne, Mis Verlene. Bututun ruwa an canza shi tun Loretta na da rai. Bangon nan da hannuna na sake shi kafin a haifi yarinyar. Su zo su duba."

Bakinsa ne ke faɗin haka, amma ya daina cin abinci. Ni kuma na fara lura da abubuwan da da ban lura ba. Retta ta rage ci, tana yawan riƙe ciki. Da in ta gan ni sai ta yi ta zuba, rabin maganar ba a ganewa, yanzu sai ta zuba mini ido kawai. Abu kaɗan sai kuka. Na ce wa kaina haƙori ne, na ce rigimar shekara biyu ce, amma in na kwanta sai saurayin cocinmu ya dawo mini. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ban da wanda zan gaya wa.

Ana gobe za su zo, da rana tsaka, na leƙa shinge don in ba shi gurasar masara da na gasa, ko zai ci. Yana sunkuye a cikin kuɓewa. Retta tana tsaye a jikin ƙofar Mama Odom ta ba mu baya, shiru. Duk wadda ta yi raino ta san irin wannan shirun.

"Lenwood," na ce, "me yarinyar nan take yi?"

Ya ɗago, ya je ya durƙusa a gabanta. "Me kike ci, 'yar Kaka?"

Ta buɗe baki tana murmushi. "Alewa."

Ya sa yatsa a bakinta ya zaro wani ɗan abu rawaya kamar farce. Ya dube shi, ya dubi ƙofar. Daidai tsayin yarinyar akwai wani fili da aka ɓamɓare, katako ya fito fili, kuma ba aikin rana ɗaya ba ne. Ya miƙo mini yarinyar ta saman shinge, na ruga da ita famfo na wanke mata baki da hannu, tana kuka tana ture ni.

Da na dawo ɗauke da ita na tarar ya ɓamɓaro wani guntun fentin ya ɗora a harshensa. Ya tofar, ya goge baki da hannun riga.

"Da zaƙi," ya ce. "Mis Verlene, zaƙi gare shi."

Sai ya buɗe ƙofar ya leƙa ciki. Ni ma na leƙa. Ta waje ƙofofin suna nan da launinsu, kore da rawaya da fari. Ta ciki kuwa, daga ƙasa har inda tulin yake kaiwa, babu fenti ko kaɗan. Danshi da zafin takin sun jiƙa shi, cokalin ƙarfe ya kankare shi, shekara da shekaru yana zuba ana juyawa. Ya ɗebi baƙar ƙasar nan a tafin hannu ya baza ta a rana. In ka kura ido sai ka ga 'yan ƙananan ɗigo-ɗigo a ciki, fari da kore.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar namiji irin na ranar ba. Idonsa yana kan yarinyar da ke kafaɗata.

Can ya miƙe ya shiga gareji, ya fito da ƙarfen ɓamɓare ƙusa. Ya soka shi a jikin farar ƙofar.

"Me za ka yi?"

"Zan kwashe su kafin gobe. In loda a mota in kai juji."

"Sannan?"

"Sannan babu su. Yarinyar ba za ta ƙara taɓawa ba." Ya ƙi duban idona. "In Corliss ta ji daga hannuna ne, shi ke nan na rasa su duka biyun. Su kaɗai gare ni, Mis Verlene."

Tausayinsa ya kama ni, amma raina ma ya ɓaci.

"Mista Pettway," na ce, kuma ya san in na kira shi haka ba wasa a ciki, "ka kwashe ƙofa, ƙasar fa? Su zo gobe su auna bango su ce lafiya, su tafi neman abin a wani wuri, yarinya kuma ta dawo nan jibi da cokalinta? Likita ya yi ta lalube a duhu? Bokitan da ka kai gidan Tillman fa, inda 'yan biyu suke rarrafe a lambu? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, Lenwood."

Ya tsaya riƙe da ƙarfen ya daɗe. Sannan ya zare shi ya ajiye a ƙasa. Ya ce in tafi da Retta gidana, kar ta ƙara taka lambun.

Da yamma Corliss ta zo da rigar aikinta, a gajiye. Ina kallo ta taga. Ya tare ta a bakin mota, ya kai ta ƙarshen lambun, ya buɗe ƙofar, ya nuna mata ciki, ya nuna mata filin da aka ɓamɓare. Ban ji abin da ya ce ba, bai yi tsawo ba. Na jira in ji ihu, don na san 'yar da Loretta ta haifa. Ba ta yi ba. Ta shigo gidana ta tuɓe wa Retta kaya tas har takalmi, ta ƙulle a leda, ta ce in ara mata tawul. Na taya ta naɗe yarinyar.

Lenwood yana tsaye a bakin ƙofata, hula a hannu.

"Corliss," ya ce.

"Baba, ban ce komai ba. Kar ka sa in ce."

Daga nan asibiti ta wuce, ba ta jira kiran kowa ba. Suka ɗauki hoton cikin yarinyar suka ga guntayen fenti a hanjinta, suka kwantar da ita. Sakamakon jijiyar da ya fito ya fi na yatsa muni.

Washegari wata matashiya daga ma'aikatan lafiya ta zo da na'urar awo mai kama da ƙaramar bindiga. Lenwood bai bari ta shiga gidan ba, kai tsaye ya kai ta lambu. Ta ɗora na'urar a kan koriyar, ta ɗora a kan rawayar, ta ɗora a kan farar, a nan ta ɗan daɗe tana kallon abin da ya nuna. Ta tambaye shi a hankali ko ya ba wani takin.

"Duk layin nan," ya ce.

Bai jira ma'aikatan su sanar da mutane ba. Ya tura baro gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. A kowane gida magana ɗaya yake yi: takin da na ba ku akwai dalma a ciki, kar yara su taɓa, a kai su a duba musu jini. Na bi shi a baya don ina tsoron kar ya faɗi. Wasu suka ce Allah ya kyauta, ba da gangan ka yi ba. Wani ya zage shi tas a gaban 'ya'yansa, Lenwood ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Matar Tillman ba ta bari ya gama ba ta shige ta suri 'yan biyunta. Allah ya taimaka dalmar jininsu ba ta kai abin tashin hankali ba.

Bayan 'yan kwanaki wasu mutane suka zo da fararen riguna da takunkumi, suka naɗe ƙofofin a leda suka loda, suka kankare ƙasar lambun har suka tarar da jan yumɓu. Lenwood bai fito kallo ba. Yana asibiti a kan benci a waje, don Corliss ba ta ce ya shigo ba, kuma bai roƙa ba. Ni nake shiga in fito in ba shi labari. Ana ba ta wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai an ɗure mata. Na ji da kunnena likitar tana gaya wa Corliss cewa dalmar za ta ragu a jini sannu a hankali, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa babu awon da zai nuna shi yanzu. Wasu yaran sukan tsira, wasu sai an shiga makaranta ake gani.

Da na faɗa masa sai ya ce, "Sai an shiga makaranta." Ya maimaita, kamar yana auna nisan wurin.

Duk lokacin sanyin shekarar Corliss ba ta taka layinmu ba. Lenwood ya rame, wandonsa ya koma sai da igiya. Bai sake shuka ko barkono ba, lambun ya zama ciyawa. Sai wajen bazara ta kira shi a waya, ta ce Retta tana tambayar Kaka, in yana so ya zo. Tun daga ranar kullum da la'asar yana can. A bakin ƙofa yake cire takalmi, ya wuce ya wanke hannu har gwiwar hannu, ba wanda ya sa shi.

Maganar yarinyar ta dawo, ko da yake a makare. Yanzu tana aji ɗaya, doguwa, ga tsiwa irin ta uwarta. Malamarta ta ce tana da wayo amma hankalinta ba ya zama wuri ɗaya, a dai ci gaba da lura. Wannan kalmar ta lura ita ke cin Lenwood.

Ran Lahadin da ta wuce na bi shi can bayan coci. Corliss tana kicin, Retta ta ɗauko littafin makaranta ta hau kujera kusa da shi tana karanta masa, yatsanta yana bin layi. Ta yi layi biyu sumul. A na uku ta tsaya a kan wata 'yar kalma. Ta dube ta, ta ɗaga kai ta kalli taga, ta yi shiru. Lenwood ya zuba mata ido. Bai taya ta ba. Ta dawo kan kalmar ta faɗe ta ba daidai ba, ta yi dariya, ta wurgar da littafin ta gudu wajen uwarta neman biskit.

Muka kama hanyar gida a motarsa. Sai da muka iso layinmu ya tsayar da mota, bai kashe ta ba, hannunsa biyu a kan sitiyari.

"Mis Verlene, ke kin raini huɗu. Duk yara suna tsayawa haka?"

"Duka," na ce.

"Har naki?"

"Har nawa. Babban ma ya fi ta."

Ya gyaɗa kai, ya kashe motar, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa. Gaskiyar magana ban tuna yadda nawa suka yi ba, shekarun sun yi nisa, kuma a lokacin ban da dalilin sa ido. Na shiga gida na zauna da jakata a cinya, ban ko cire hular coci ba. Ran Lahadi mai zuwa ma zai tambaye ni, kuma abin da zan ce masa ke nan.